Bakin ƙarfe a cikin kayan jama'a

Duk wanda ya taɓa ratsa Dogondutsi a ƙarshen bazara, lokacin da zafi ya kai maƙura kuma hadari ya fara leƙowa daga gabas, ya san yadda kasuwar garin take komawa. Maƙera kan baza hajarsu a ƙasa, ruwan hauya jere-jere, ga gatari, ga lauje, ga sungumin shuka, kowane yana ƙyalli don sabon washi, mutanen ƙauye na ɗagawa suna ƙwanƙwasawa su ji amon ƙarfen. A wannan lokaci ne mu ma'aikatan gwamnati, waɗanda aiki ya raba da gona amma bai raba mu da cin tuwonta ba, mukan tuna da gida. Mai aiki a Yamai ko Doso ya aiko da kuɗi, mai aiki a kusa ya zo da kansa, a sayi ƙarafa a ɗora wa mota, a ce a kai wa tsoho kafin ruwan shuka ya sauka. Ni ma na yi haka shekara da shekaru. Kuma a cikin irin wannan aike ne na kusa halaka ɗan ƙanwata, alhali a raina alheri nake yi.

Abin ya faru a 1994. Masu shekaru ba su manta da wannan shekara ba: a watan Janairu aka karya darajar kuɗin Sefa, faran ɗaya na Faransa da muke saye dala 10 ya koma dala 20, duk abin da ke shigowa daga waje ya yi tashin gwauron zabo, albashi kuwa yana nan inda yake, shi ma sai ya ga dama yake fitowa. A cikin wannan hali takarda ta iso mini daga gida. Mahaifina ya sa an rubuta cewa yana buƙatar ruwan hauya huɗu da lauje biyu da ruwan gatari ɗaya, sa'an nan, in hali ya yi, a haɗo da sabuwar igiya mai ƙwari, domin rijiyar gari ta cushe, guga ba ya fitowa sai da laka, dole a zura mutum ya yashe ta.

Ƙauyenmu yana kan tudu ne, gabas da Matankari, kuma wanda ya san ƙasar Arewa ya san abin da wannan ke nufi. Mutanen da ke zaune cikin kwarin Dallol Mawri, daga Dutsi zuwa Kore Mairuwa, Tibiri, har Geceme, ruwa bai yi musu nisa ba. A wasu fadamun mutum kan yi gina kaɗan ya tarar da shi, shi ya sa suke da lambuna da rogo da rake. Mu na tudu kuwa rijiyarmu gaba talatin ce da ɗoriya, in ka leƙa ba ka ganin ruwan sai rana ta take tsaka. A wurinmu igiya dukiya ce. Ta kaba ko ta rama da tsofaffi ke tufkawa a gindin bishiya tana isa jan guga, in ta tsinke a yi baƙin ciki a jefa ƙugiya a nemo gugan. Amma ranar da za a ɗaura ɗan mutum a zura shi cikin duhu, ba a yarda da igiyar da ta ga damina biyu.

Na sayi igiyar nailan mai tufka uku, gaba arba'in, a kan kuɗin da ban so in faɗa wa uwargida ba. Na sayi ƙarafan a wurin maƙerin da mahaifina ya yarda da aikinsa, na kuma tsaya a kansa ya wasa su sosai, don kada tsoho ya ce ɗan lakwal ya aiko masa da dakusassun kaya. Ga waɗanda ba su san noman ƙasarmu ba, hauyar da nake magana ita ce doguwar nan da ake noma da ita a tsaye, wadda Nasara ke kira hilaire: ƙotarta ta fi mutum tsawo, ruwanta kuwa faffaɗa ne mai fukafukai biyu, kaifi a gaba, tsini a kowane gefe, yana shiga ƙarƙashin rairayi ya yanke saiwar haki. A hannun manomi abin sha'awa ce. A cikin buhu kuwa wuƙa ce mai baki uku.

To, a nan na yi abin da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Da na zo ɗaurin kaya, sai na ga ƙarafan za su huda buhun. Na yi tunani irin na mai ilimi, na ce ai ga magani a hannuna. Na naɗe igiyar nan gammo guda, na shimfiɗa ta a gindin buhu, na jera ƙarafan a tsakiyarta, na ɗauko sauran na lulluɓe su da ita, na ɗaure bakin buhu tamau. Na taɓa ta kowane gefe, ban ji tsini ba. Har na yaba wa kaina.

Motar da na samu Peugeot 404 ce mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ke ɗaukar abin da mai ƙera ta bai taɓa mafarki ba. Karen mota ya karɓi buhuna, ya ji laushinsa, ya jefa shi can ƙasa, ya ɗora buhunan gishiri da na siminti a kai, fasinjoji suka hau saman kayan suka zauna. Ban ce masa komai ba, don ban ga abin faɗa ba. Muka bar kwalta muka kama hanyar burji mai gargada, daga nan muka faɗa rairayi, mota na tsalle tana dira, kaya na motsi suna komawa. Kowace dira, nauyin mutane da siminti yana danna bakin ƙarfen nan a jikin igiya, yana goga shi gaba da baya kamar mahauci a kan jijiya. Ni kuwa ina gidan gaba kusa da direba, muna ta hirar tsadar rayuwa.

Washegari da hantsi aka taru a bakin rijiya. Wanda zai shiga ɗan ƙanwata ne, saurayi ɗan shekara 19, siriri mara tsoro, irin waɗanda ake zaɓa don ba su da nauyi. Majiya ƙarfi shida sun tsaya a jere, an gyara gungumen bakin rijiya da igiyar za ta bi ta kansa. Na kwance buhu a gaban jama'a, ina jin daɗin yadda ake kallon sabuwar igiya tana sheƙi. A ido ba ta da aibi ko kaɗan. Har an fara ɗaura wa yaron ita a ƙugu, sai Kawu ya ce a dakata.

Kawun nan nawa yayan mahaifiyata ne, ya yi ginan rijiya da yasarta tun yana saurayi har ƙarfinsa ya ƙare, a lokacin kuma idanunsa sun yi hazo, ba ya gane mutum sai ta murya. Ya ce a miƙo masa bakin igiyar. Ya zauna a kan turmi, ya fara jan ta cikin tafin hannunsa gaba-gaba, yana murza ta da yatsu, yana lanƙwasawa, yana saki. Matasa suka fara gunaguni, rana na yi, igiya kuma sabuwa fil daga kasuwa. Ni kaina na ji haushi a ɓoye, na ɗauka raina sayayyata ake yi. Da ya kai wajen gaba goma sha bakwai sai hannunsa ya tsaya. Ya koma baya kaɗan, ya sake murzawa, sa'an nan ya karya igiyar biyu a wurin. Sai ga ta ta buɗe baki. Tufka biyu daga cikin ukun sun yanke ta ciki, kamar an sa aska, saura ɗaya da ƴan zarurruka ke riƙe da ita. Ya ci gaba bai ce uffan ba, ya sake samun wani wurin kusa da ƙarshe.

Ya ɗaga kai wajen da yake jin numfashina, ya ce, "Mushe, wa ya ɗaure maka kayan nan?"

Na ce, "Ni ne, Kawu."

Ya ce, "Da me da me suka kwana a buhu?"

Na faɗa masa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ka haɗa kura da akuya a ɗaki ɗaya, ka ja ƙofa, ka zo kana nuna mana ɗakin bai fashe ba."

Ba wanda ya yi dariya. Yaron na tsaye da igiya a ƙugunsa, yana kallon wurin yankan. Gaba goma sha bakwai tsakiyar rijiya ne, inda babu abin kamawa sama ko ƙasa.

Shekara huɗu bayan haka, a 1998, aka tura ni horon wata uku kan aikin ruwa a birnin Giranobul na ƙasar Faransa, wanda duwatsun Alp suka kewaye. Mu a nan muna alfahari da dutsen da garinmu ya ci sunansa, kuma ƙololuwar ƙasar Nijar baki ɗaya, a duwatsun Bagzan na Ayar, mita 2,022 ce. Can kuwa akwai dutsen Mon Balan, wato Farin Dutse, mai fiye da mita 4,800, wanda ƙanƙara ba ta barin kansa rani da damina. Ɗaya daga cikin malaman da ke koyar da mu yana cikin masu hawan irin waɗannan duwatsu don sha'awa kawai, abin da har yau ban gama fahimta ba. Wata Lahadi ya gayyace mu gidansa cin abinci, ya shiga da mu ɗakin da yake ajiyar kayan hawansa.

A nan na fara ganin abin da suke kira karampon. Ƙarfe ne da ake ɗaura wa ƙasan takalmi, mai haƙora goma sha biyu masu tsini, goma na kallon ƙasa, biyu na kallon gaba, don mutum ya taka ƙanƙara mai santsi ta riƙe shi, ko ya caka ƙafarsa a bangon ƙanƙara ya hau kamar ƙadangare. Ni dai faratan ƙarfe na sa musu suna. Da na tambayi asalinsu sai na ji labarin da ya sa na ƙara matsowa. Wani Baturen Ingila mai suna Oscar Eckenstein ne ya zana mai haƙora goma a 1908, ya kai wa wani maƙeri, Henry Grivel, a garin Kurmayer da ke gindin Mon Balan ta ɓangaren Italiya. Gidan Grivel gidan ƙira ne tun 1818, kuma kayan noma suke ƙera wa manoman tsauni kafin masu hawa su fara zuwa da buƙatunsu. Ɗansa Laurent ne ya ƙara haƙoran gaban nan biyu a 1929. Ashe faratan ƙarfen nan ƴan uwan hauya ne, maƙera ɗaya ta haife su.

Amma yadda mutumin nan yake zaune da su ya fi tarihinsu shiga raina. Masu hawan ƙanƙara suna goya komai a jaka ɗaya: igiyar da ransu ke rataye a kai, rigar sanyi mai cike da gashin tsuntsu wadda in ta huje gashin ya watse, katifar iska, jakar ruwan sha, tanti. Duk kaya ne masu laushi, kuma a tsakiyarsu dole a sa ƙarfe mai tsini ashirin da huɗu. Ya nuna mini yadda yake yi. Yakan haɗa faratan biyu baki da baki, haƙoran wannan su shige tsakanin na wancan, bayansu mai santsi ya kalli waje, ya naɗe su da maɗaurinsu, ya sa wa tsinin hulunan roba, sa'an nan ya jefa su cikin wata ƴar jaka mai kaurin gaske da aka ɗinka dominsu kaɗai. Igiya tana da tata jakar dabam. In ya dawo gida yakan fitar da su, ya cire robar, ya goge, ya bar su su sha iska har su bushe kafin ya shafa musu ɗan mai, domin ƙarfen da aka rufe da danshi tsatsa yake yi a cikin rigarsa. Washi kuma da magagari yake yi a hannu, ba ya kai su ga injin, don zafin injin yana kashe taurin ƙarfe. Wannan kam maƙeran Dutsi ba su buƙatar Bature ya faɗa musu.

Sai ya ɗauko igiyarsa. Irin tasu, tun daga 1953 da wani kamfanin Jamus mai suna Edelrid ya fito da ita, tana da ciki da riga: zaruruwan da ke ɗaukar nauyi suna ciki, saƙaƙƙiyar riga ta rufe su. Ya ce a wurinsu babban abin kunya ne mutum ya taka igiya da faratan ƙarfe a ƙafarsa, ko da ta abokinsa ce ko tasa, domin tsini kan ratsa riga ya raunata ciki, rigar ta koma ta rufe, ido bai ga komai ba. Na ce to yaya ake ganewa? Sai ya zauna a kan kujera, ya kama bakin igiyar, ya fara jan ta cikin tafin hannunsa yana murzawa yana lanƙwasawa. Na tsaya ina kallon hannuwan Kawu a jikin wani Bafaranshe. Abokan tafiyata suka ga na yi shiru, suka ɗauka sanyi ne ya kama ni.

Tun daga lokacin nake tambayar kaina abin da ya sa mu, da muka san darajar ƙarfe haka, muke barin bakinsa tsirara a cikin kaya. Ba rashin wayo ba ne, domin duk ƙarfen da kakanninmu suka san zai yi tafiya sun yi masa gida. Wuƙa da takobi suna da kube, askar wanzami tana kwana a zabira, kibiya tana da kwari. Maharban Sarauniya da suka tari rundunar Voulet da Chanoine a Lugu a 1899 ba su zuba kibansu a jaka ɗaya da salkar ruwa ba. Dukawa sun ci abinci ƙarni da ƙarni a kan wannan sana'a ta yi wa kaifi sutura. Hauya da lauje da gatari ne kaɗai ba a yi wa ba, kuma dalilin a fili yake: ba matafiya ba ne. Tafiyar hauya daga zaure zuwa gona ce, a kafaɗar mai ita, bakinta a sama inda kowa ke gani ya kauce. Mota ce ta sauya wannan, da amalanke, da babur. Yau ruwan hauyar da aka ƙera a Dutsi yakan kwana a Dankasari ko Sukukutan ko Dumega, a ƙarƙashin kayan mutum ashirin da ba su san yana nan ba. Ƙarfen ya zama matafiyi, mu kuwa muna ɗaukarsa kamar har yanzu a kafaɗa yake.

Mafi yawanmu in mun yi ƙoƙari sai mu naɗe shi da tsumma ko tsohon buhu. A ganina wannan ya fi barinsa tsirara haɗari. Tsumma ba ya tsare kaifi, ido kawai yake tsarewa. Ƙarfen da ke fili karen mota yana ganinsa, ya zage ka, ya nema masa gefe. Wanda aka lulluɓe kuwa yakan ɗauke shi a matsayin ƙunshin tufafi, ya cusa shi inda ya ga rami, ya ɗora bidon mai ko buhun hatsi a kai. Abin da na yi da igiyata ke nan, sai dai ni tsummana ya fi na kowa tsada.

Abin da nake yi yanzu ba shi da wuya, kuma ba ya cin kuɗin goro. Ina cire ruwan daga ƙota, in haɗa biyu-biyu fuska da fuska yadda kaifinsu zai daidaita, in sami tsohuwar tayar babur wajen mai faci ya yanko mini tsiri, in lanƙwasa shi a kan bakin tun daga wannan tsini har wancan, in ɗaure da robar cikin taya. Tsohon tiyon ruwa da aka tsaga ta tsawo shi ma yana yi, ya ma fi dacewa da lauje saboda lanƙwasarsa. Tsinin laujen kuma a soka shi cikin totuwar masara. Kwali yana taimako in babu wani abu, amma da ya sha raɓa ko gumin buhu ya gama aiki. Ƙunshin ƙarfe ba ya shiga buhu ɗaya da komai. Ina miƙa shi da hannuna, in ce wa yaron mota, "Samari, wannan ƙarfe ne, kwantar da shi a kan dandamalin mota, can jikin bango." Faɗar nan ita ce rabin aikin, kuma ita ce muka fi jin nauyin yi, kamar mutum zai rage daraja in ya ce yana ɗauke da hauya.

In kaka ta wuce aka gama da su, a kankare ƙasar da ta manne, a bar su su bushe, a shafa baƙin mai ko man gyaɗa, a rataye su a bango inda yaro ba ya kai, bakin na kallon bango. Kada a jingina su kusa da buhun takin zamani, yana cin ƙarfe. Igiya kuma a nisanta ta da rana da batirin mota, domin ruwan batir yana ƙona nailan ba tare da ya bar tabon kirki ba. A gidaje da yawa da na shiga, guga da igiya da gatari da lauje duk a lungu ɗaya ake watsa su, a bayan ƙofa, cikin duhu, kowa ya zo ya jawo nasa ta kan na wani.

Ƴan kasuwa masu karanta wannan shafi sun fi ni sanin inda asarar take faɗawa. Ƙasar Arewa ƙasar wake ce, kuma tun daga 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ɓullo da shi, masu binciken noma na INRAN kuma suka yi aikinsa a nan Nijar: leda biyu masu kauri a ciki, saƙaƙƙen buhu a waje. Ba a sa magani. Sirrinsa kawai shi ne iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su shaƙe wadda ta rage su mutu. Saboda haka huji yana iya mayar da shi buhun banza. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, mai sayen wake da kaka ta ajiye zuwa bazara, ta ɗauko buhu uku a motar kasuwa ta jera a ɗaki. Bayan wata biyar ta buɗe, biyu lafiya lau, na ukun ya zama gari da ƙwari. Da muka zazzage muka ɗaga ledar a rana, sai ga ƴar tsaga a gefe, tsaf irin ta tsinin ƙarfe, ta ratsa riɓi ukun. Ta ce, "Mushe, wa zan kama?" Na ce, "Inna, babu." Mai ƙarfen ya sauka a ƙauyensa tun wata biyar, bai ma san ya yi ɓarna ba, yana can yana salla da zuciya fara. Direba zai ce shi tuƙi aka biya shi. Yaron mota zai ce ba a faɗa masa ba, kuma gaskiyarsa.

Wannan ne ya sa ɓarnar ƙarfe ta bambanta da sauran ɓarnar hanya. Tulun da ya fashe a mota kowa ya ji ƙararsa, a tsaya a yi shari'a nan take. Yankan ƙarfe kuwa shiru yake yi, ba ya bayyana sai an rabu, kuma kusan kullum a kan kayan wani yake sauka. Ni ra'ayina, kuma na san akwai masu ja, nauyin yana kan mai ƙarfen ne tun daga lokacin da ya biya maƙeri. Shi kaɗai ya san abin da ke cikin ƙunshinsa. Ƴan sandikan direbobi da ke tsara lodi a tasha suna iya taimakawa in suka ƙi karɓar ƙarfe mara sutura, amma ba zan ɗora musu abin da ni mai takardar lakwal ban yi ba.

Na taɓa kai shawara wurin maƙerin da nake ciniki da shi, ɗan wancan na zamanin mahaifina. Na ce me zai hana ya riƙa sayar da ruwan hauya da rigar robarsa, ya ƙara ƴan daloli a kai? Ya yi dariya har ya ajiye masaba. Ya ce, "Mushe, mai saye baki yake so ya gani. In na rufe, sai ya ce aibi nake ɓoyewa. In na ƙara dala biyar, sai ya wuce wurin na kusa da ni." Ban iya musa masa ba. Amma na lura daga baya ya ajiye tarin yankakkiyar taya a gefen maƙerarsa, wanda ya tambaya ya ba shi kyauta. Ya ce mini galibi mata ne ke tambaya, waɗanda mazansu suka aiko, don su ne ke rungume da kayan a mota tare da goyo.

Igiyar 1994 kuwa, Kawu ya sa an yanke ta uku a wuraren da ta raunana. An ce a ƙulla ta a yi aiki da ita, ya ce guga yana iya hawa ƙulli, mutum ba ya hawa. Dogon yankin aka haɗa da ta kaba aka ci gaba da jan ruwa, matsakaicin ya zama na ɗaurin jaki. Sai bayan kwana takwas aka aro igiya daga wani ƙauye, ita ma ta bi ta tafin hannun tsohon gaba-gaba, sa'an nan yaron ya shiga ya yashe rijiyar ya fito lafiya. A cikin kwana takwas ɗin nan matan garinmu laka suka yi ta tacewa, kuma kowa ya san dalili, ko da yake ba wanda ya faɗa mini a fuska. Guntun da ke da yankan, wanda bai fi kamu ɗaya ba, Kawu ya miƙo mini ranar da zan koma, bai ce komai ba. Ya zauna a aljihun teburina na biro har na yi ritaya, yanzu yana cikin akwatin takarduna.

Ƙanwata, uwar yaron, ba ta wurin a ranar, tana can gidan aurenta a wani gari. Na roƙi mutanen gida kada a gaya mata, na kuma riƙe maganar a cikina shekara goma sha ɗaya. Sai a 2005, da muka haɗu wajen zaman makokin Kawu, bayan mutane sun watse da dare, na zauna kusa da ita na fara kame-kame. Ban kai ƙarshe ba ta katse ni.

Ta ce, "Yaya, ai na sani. Tun a makon Kawu ya hau jaki ya zo ya faɗa mini da bakinsa. Ya ce in bar ka da ita, kai za ka kawo ta da kanka."